Bututu Ɗaya na Lakar Mai Bado

Sharada, Kano.
Farkon bazara.

Zuwa ga abokiyar wasata Saudat, 'yar Kawu Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya karatu, ya sanyin Jamus? Mu nan lafiya ƙalau, sai zafi da ya fara gasa mu. Mahaifiyarki Inna Indo tana gaishe ki, gwiwar da sauƙi, har ta koma Islamiyya da ƙafarta. Uwargidana Bilkisu ma tana gaisuwa. Ita ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo miki ta waya, tunda kin hana ni saƙon murya, wai na cika surutu.

Kafin komai bari in jinjina miki. Wallahi kin fitar da zuriyarmu kunya. 'Ya'yan wasu sun je Turai sun tsaya a likita, wasu sun tsaya a injiniya, ƙaramin buri ke nan. Ke kuwa Allah Ya ɗaukaka ki, kin wuce duk waɗannan, kin kai matsayin da ake rubuto wa gida a ce a aiko da laka. Na karanta a rumfa, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Laka dai. Ba kilishi ba, ba yajin daddawa ba. Lakar ma ba ta ko'ina ba, sai ta Tafkin Mai Bado da ke bayan kamfanonin fata na Challawa, wadda ko akuya ce ta taka sai ta nemi inda za ta goge ƙafa. Na ce masha Allah, boko ya yi rana.

Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure ki gyara. In sami bututun roba mai tsawon mutum, in caka shi a tsaye a ƙasan tafkin, in toshe, in zaro, kada in kwantar kada in girgiza, in kai wa ƙawarki Dakta A'isha a jami'a ta sa a firji. Wannan duk mai sauƙi ne. Inda kaina ya ɗaure shi ne dalilin. Kin ce akwai wasu ƙwayoyin halitta a cikin lakar, ido ba ya ganin su, suna ƙera ƙarfe a cikinsu, har maganaɗisu yana jan su. Saudat, ni ɗan gwangwan ne. Tsofaffin ƙarafa nake saye tun kina firamare. Maganaɗisu kuwa ko ɗaurin aure za ni yana aljihuna, da shi nake raba ƙarfe da dalma, da shi nake raba mai gaskiya da maƙaryaci. Na san inda ake yin ƙarfe: wuta, hayaƙi, da wani mai hular kwano yana ta ihu. Yanzu kin ce ga wata aba tana yin sa cikin taɓo, ba gawayi, ba janareto, ba albashi. Da masu kamfanonin Sharada da rashin wuta ya rufe sun san da ita, ai da ita suka ɗauka aiki.

Amma bar wasa, ga abin da ya sa na yi saurin ba ki amsa. An sayar da filin da tafkin yake. Wani Alhaji daga Dakata ne ya saya, zai cike shi ya gina sito, kuma so yake tifofi su gama kafin ruwa ya sauka. Na je da kaina na ga turaku masu jan fenti sun kewaye wurin, har kan tudun da Kawu yakan shanya tarunsa a da. In lakar nan tana da muhimmanci a wurinki, to lokaci ya ƙure. Ki faɗa mini gaskiyar abin da za ki yi da ita, don ni ba na shiga ciniki ido rufe.

Yayanki,
Idrisu.

*

Jamus.

Yaya Idi,

Wa'alaikumus salam. Na ga jinjina, na gode, na ajiye, in na dawo zan rama. Lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta zancen turakun nan abinci ba ya yi mini daɗi. A gaishe mini da Inna, a ce ta riƙa hutawa a hanya. A gaishe da Anti Bilkisu da yara.

Ƙwayoyin nan gaskiya ne, na gan su da idona a na'urar da ke ƙara girman abu. Suna zaune a saman laka, daidai inda iskar cikin ruwa take ƙarewa. Kowace tana jera 'yan mitsi-mitsin ƙarfe a cikinta kamar carbi, da wannan jeren take gane hanya, ta san sama ta san ƙasa. In ka matso da maganaɗisu kusa da ɗigon ruwan sai ka ga sun juya gaba ɗaya kamar masu daidaita sahu. Idan ta mutu jikinta ya ruɓe, carbin sai ya zauna a laka. Shekara ta zagayo, sabuwar laka ta rufe shi. Ka san yadda ake jibge fatu a majema, ta ƙasa ita ta riga zuwa? Haka lakar tafki take, hawa-hawa. Idan ruwa ya lalace, carbin yakan sauya kama ko ya ɓace, kuma a nan muna da hanyar ƙiyasta shekarun kowane hawa.

Ka tambayi gaskiya, ga ta. Ka tuna abin da Baba ya yi ta faɗa har ya koma ga Allah: lafiyar tafkin nan ƙalau sai shekarar da aka karkato kwatar kamfani cikinsa. Ka tuna sun je ofis shi da sauran masunta, manaja ya ce musu dama can tafkin matacce ne, kifin ma su suka cinye, na banza kawai suke nema. Ina tsakar gida ranar da ya dawo. Ya naɗe tarun ya cusa a rufin ɗaki, bai sake sauko da shi ba.

Ba kotu zan kai kowa ba, Yaya. Ban ma san me lakar za ta ce ba, wataƙila ta ba ni kunya. Amma ita kaɗai ce ta rage da ta ga komai, kuma ba a iya ba ta goro ta sauya baki. A kanta na gina duk binciken digirina. In tifa ta rufe ta, maganar manajan nan ce za ta zauna.

A ƙarshe ɗan ƙarfen nan shi zan tsamo in auna, kuma kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa nake ta addu'a a samu isasshe a bututun. Don Allah ka bi yadda na ce.

Jibi za mu tafi aiki wani tafki can arewa da malaminmu, wurin ba sabis, za mu yi 'yan makonni. Kada ka ga shiru ka damu.

Ƙanwarka,
Saudat.

*

Sharada, Kano.

Saudat, albishirinki,

Bayan sallama da gaisuwa, kowa lafiya. Inna Indo ta ce ki riƙa sa safa. Ƙaramin ɗanmu ya yi zazzaɓi amma ya miƙe.

Wasiƙarki ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Ni ma Kawu Mamman ya goya ni a wuya ya ratsa tafkin nan da ni. Don haka na ce aikin nan ba zan yi masa yin ɗan aike ba, zan yi masa yin ɗan gida.

Na je da bututu kamar yadda kika ce. Na caka, na toshe, na zaro, na kawo rumfa a tsaye, mai adaidaita yana toshe hanci yana tsine mini. Sai na ɗebi kaɗan a tafin hannu na kara maganaɗisu. Saudat, abin da ya kama bai kai abin da tsinken sakace zai ɗauka ba. Na tuna kin ce kina addu'a a samu isasshe. Na ce a raina, wannan ai ba a bar wa addu'a kaɗai ba, aikin ɗan gwangwan ne. Ta yaya zan bari ki tsaya gaban Turawa da bututun wari, su tona su tona su sami ɗan abin da atishawa za ta kwashe? A sana'armu abin kunya ne ka kai wa mai saye kaya da ƙasa a jiki.

Na juye bututun a kwata. Na samo majiya ƙarfi huɗu cikin waɗanda kamfanin robobi ya sallama, mutanen Ringim, ba su da ƙyuya. Na ba su baho da shebur. Suka yi ta haƙowa daga bakin tafkin, muna wankewa, muna tacewa da rariya, muna shanyawa a tamfol. Da ta bushe na ɓalle maganaɗisun babbar lasifika, na sa shi a leda, na yi ta ja a kai. Ki zo ki ga yadda abu yake tashi yana manna, kamar gemu. Yanzu haka kwalbar zuma cike take dam, baƙi wuluk, laushi kamar kwalli, ba ƙasa ko ƙwaya. Zancen jibgin fatun nan ma na gane, kada ki damu. Na sa sun haƙo na sama da na ƙasa duka, ba hawan da aka bari a baya, suna nan cikin kwalbar tare.

Ban kai wa Dakta A'isha ba. Ba zargin ta nake ba, amma na san ɗan tsakiya, ni ma shi ne. Kaya in sun bi hannu uku sai su rame. Alhaji Sagir mai shigo da tsofaffin injina daga Jamus zai tashi wannan makon, na damƙa masa hannu da hannu, na rubuta masa adireshinki.

Abu ɗaya ne ya ɗan ba ni dariya. Auwalu, mai rumfar da ke jikin tawa, wanda ko tari na yi sai ya leƙo ya ga ko riba ce ta shaƙe ni, ya biyo ni har Challawa. Ya tsaya a kaina ya ce, "Idi, me kake wankewa a ruwan da ko alwala ba a yi da shi?"

Na ce, "Kwalli nake haɗa wa Bilkisu."

Ya ce, "Kwallin ne sai an kai shi Jamus kafin ta sa?"

Ashe direban Alhaji Sagir ya riga ya tsegunta masa. Na yi murmushi kawai na ci gaba da tankaɗe. Kin san ƙa'idar kasuwa, ba a gaya wa maƙwabci inda kaya za su.

In sun isa ki sanar da ni. Ba sai kin yi dogon godiya ba, amma in akwai wurin sa suna a takardar, da "s" ɗaya ake rubuta Idrisu.

Yayanki,
Idrisu.

*

Sharada, Kano.
Tsakiyar bazara.

Saudat,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, in ban da hankali da ba ya kwance. Na san kin ce za a yi shiru, amma wannan shirun ya yi tsawo. Alhaji Sagir ya je ya dawo, ya ce ya bar kwalbar a ofishinku. Ko dai kaya sun isa, an ga suna da kyau, an manta da wanda ya haƙo? Kada ki ji haushin tambayar. Na san irin wannan shirun, ni ma na sha yi wa mutane shi.

To ga abin da ke faruwa a bayanki. Kwana kaɗan da tafiyar kwalbar na koma Challawa sayen wani tsohon tanki, na ce bari in leƙa tafkin. Na tarar da Auwalu da ƙannensa tsamo-tsamo cikin laka, kowa da baho. Na yi dariya na wuce. Da na sake komawa, dariyar ta ƙare. Saudat, kamar kasuwar Juma'a. Masu aikin kwana in sun tashi daga kamfani ba sa zuwa gida, da kayan aikinsu suke faɗawa ruwan. Mutanen Nijar da ke dako a Bompai sun zo, matasan Dorayi sun zo, har mata suna zaune a tudu suna tace laka da rariyar tuwo. Mai shayi ya kafa tebur. An ce garin nan da shi ake batirin mota mai lantarki. Wasu sun ce a'a, fentin jirgin sama ne. Wata tsohuwa ta rantse mini yana maganin hawan jini in an jiƙa.

Matacciyar lasifika ta ƙare a Sharada kaf. Ni ma waɗanda nake da su na sayar, kasuwa ce ta zo har ƙofa, ba zan kore ta ba. Masallacin layinmu an wayi gari an ɓalle bayan tasa lasifikar, yanzu ladan da maƙogwaronsa yake fama. Auwalu ya kafa sikeli a bakin tafkin yana saye yana tarawa a buhu. Ba shi da wanda zai sayar wa, nawa mai sayen yake jira. Duk inda na sa ƙafa akwai mai bin sawuna. Wayata na kashe, domin ko sallah na tayar sai an kira an tambayi farashin yau.

Ruwan nan kin san halinsa. Ƙafafun mutane sun fara saɓa, wani yaro ɗan Haɗejia hannayensa sun kumbura har ba ya iya riƙe cokali. Jiya Inna Indo ta aiko a kira ni. Ko tabarma ba ta nuna mini ba. Ta ce, "Idi, me ka jawo wa tafkin mijina?" Na ce Inna, aiken Saudat ne. Ta ce, "Saudat bututu ɗaya ta ce, ni ma an karanta mini." Na yi mata sallama na fito.

Amma akwai labari mai daɗi. Alhajin Dakata ya ji ƙishin-ƙishin ɗin, ya dakatar da tifofin. Ya ce ba zai binne arziki da kuɗinsa ba sai ya san abin da ke ciki. Kin ga ko ba komai na samo miki lokaci.

Don Allah ki yi magana. In abin nan yana da farashi ki faɗa mini, in san matsayina. In ba shi da shi, to wannan ma gara in ji daga bakinki kafin Auwalu ya ji daga wani.

Idrisu.

*

Jamus.

Yaya Idi,

Salamu alaikum. Lafiyata ƙalau. Yau na dawo, na tarar da kwalba a kan teburina da wasiƙunka biyu a waya. Na kira ka har na gaji, a kashe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na sa garin a na'ura don kada in zalunce ka. Tsatsa ce, Yaya. Tsatsar gwangwani, ƙurar walda, tokar hayaƙin kamfani, ɓarɓashin irin kayan da kake saye a rumfarka. Ka biya mutane sun wanko maka sana'arka daga cikin ruwa, ka aiko mini da ita Jamus. In ma akwai carbin ƙwayoyin a ciki, ya cakuɗe, ba wanda zai ce wannan na zamanin Baba ne wannan na bara ne. Ba yawan nake nema ba. Jerin nake nema, wane ne a ƙasa, wane ne a sama. Ɗan abin da ka raina a tafin hannunka ya ishe ni aikin shekara. Bututun yana hannunka a tsaye, ka juye shi a kwata.

Ka ce ko na manta da wanda ya haƙo. Wannan ta fi kwalbar ciwo. Ni ce zan ci da guminka?

Ba shi da farashi. Ba mai saye, ba a taɓa yin mai saye ba. Ka gaya musu su fito daga ruwan nan kafin ya illata su. Ka je wurin Mai unguwa, ka je masallaci, ka faɗa da bakinka tunda da murmushinka aka fara.

Ka saurare ni da kyau. Duk inda shebur ya taɓa ya tashi aiki. Amma tsakiyar tafkin, wurin da ya fi zurfi, inda Baba yake cewa gora ba ta taɓa ƙasa, ina jin ƙafa ba ta kai can ba tukuna. Bututu ɗaya daga can ya isa. Ka je wurin Dakta A'isha, ka ba ta haƙuri, ku tafi tare. Kada ka taimaka mini, Yaya. Ka yi abin da na ce kawai.

Saudat.

*

Sharada, Kano.
Ruwan farko ya sauka.

Saudat,

Assalamu alaikum. Inna Indo tana lafiya, tana amsa gaisuwata amma a taƙaice. Bilkisu ta ce in gaya miki ita tun farko ta ce a kai wa Dakta. Ba ta ce ba, amma na bar mata.

Na jinkirta amsa don ina so in rubuto da abu a hannu. Zan faɗa miki yadda aka yi bi da bi, ki yi hukunci da kanki.

Na je wurin Mai unguwa kamar yadda kika ce. Ya tara mutane a bakin tafkin bayan la'asar. Na hau kan tebur ɗin mai shayi na ce jama'a tsatsa ce, ba mai saye, ku fito. Saudat, kin taɓa ganin ɗan kasuwa ya ce "babu komai a nan" an yarda da shi? Ni kaina in Auwalu ya faɗa mini haka, a ranar zan ƙara shebur. Suka yi ta dariya. Wani ya ce, "Alhaji Idi, mu ma in mun tara tamu tsatsar za mu kai Jamus." Da na ga haka na ce bari in kawo hujja. Na karɓi wayar Bilkisu na ba Mai unguwa wasiƙarki, na ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji daga bakin mai ilimin. Ya karanta zancen tsatsa, dariya ta tsaya, har na fara jin sanyi a raina. Ni na manta da abin da ke ƙasan takardar, shi kuma mutum ne mai cika aiki, bai tsaya ba sai da ya kai sa hannunki.

Auwalu ya gyara hula ya ce, "To Idi, mun ji. Bakin tafki tsatsa ne, a daina wahala. Na kirkin yana tsakiya, inda ya fi zurfi, kuma bututu ɗaya ma ya isa. Allah Ya saka wa Hajiya da alheri, mun gode da kwatance."

Kafin magariba an fara ɗaure jarkoki ana yin kwalekwale. Alhajin Dakata kuwa da labari ya kai masa bai yi wasa ba. Ya turo masu gadi, ya kafa injinan ban-ruwa manya, suka shiga zuƙe tafkin suna watsawa a fadama, wai tsakiyar tasa ce tunda shi ya sayi fili. Masu gadin suna korar mutane ta gabas, mutanen suna shigowa ta yamma. Ruwa yana ja, ƙafa tana bi.

Na je wurin Dakta A'isha. Na shirya dogon ban-haƙuri tun daga Sharada, ba ta bar ni na kai rabi ba. Ta ce, "Malam Idrisu, ɗauki wancan bututun, za ka yi bayanin a mota." Nata bututun garai-garai yake, ana ganin ciki. A bakin tafkin masu gadi suka tare mu. Nan dai sana'ata ta yi amfani: na ce musu likitar ma'adinai ce Alhaji ya turo ta auna masa ingancin kayan, in sun ɓata mata lokaci su suka sani. Har baho suka riƙe mata.

Inda Kawu yake cewa gora ba ta taɓa ƙasa, ruwan iya ƙugu ya tsaya mini. Ƙasan duk ramuka da sawun mutane. Dakta ta yi ta lalube da ƙafa har ta sami wani ɗan wuri da ya fi dama-dama. Muka caka, muka danna, muka toshe. Da muka zaro ta ɗaga shi a rana ta daɗe tana kallo. Ni ma na kalla. Daga ƙasa abin sha'awa, layi-layi kamar saƙi, wani fari-fari wani duhu, har da 'yan bawon katantanwa kwance a wurinsu. Ban taɓa sanin laka tana da tsari haka ba. Amma daga sama, kamar tsawon hannuna zuwa gwiwar hannu, a dame yake kamar fura.

Na ce, "Dakta, ai mun samu. Na ƙasan ya fi yawa, a zubar da na saman."

Ta kalle ni kamar za ta yi kuka ko ta mare ni. Ta ce, "Na ƙasan nan ina jin ya girmi kamfanonin. Zai nuna tafkin ya yi rai. Shekarun da Saudat take nema su ne na saman, kuma ga su can a bahunan mutane."

Ni na rungumo bututun a tsaye tun daga Challawa har jami'a, duk ramin da mota ta faɗa a ƙirjina ya ƙare. Ban girgiza ba, ban kwantar ba. Yana firji yanzu. Na san an makara, amma ki sa a lissafi cewa da na tashi bin umarni na bi shi sosai.

Sauran labarin gajere ne. Alhajin Dakata ya kai nasa buhun wani wuri an auna, aka ce masa abin da kika ce. Ranar da ruwan farko ya sauka tifofi suka dawo, yanzu sun ci rabi. Auwalu yana zaune kan buhunansa, ba ya amsa sallamata, ya ce ni da ke muka haɗa baki. Yaron Haɗejia an mayar da shi gida. Lasifikar masallaci ni na saya musu sabuwa, ba wanda ya tambaye ni dalili.

Abu ɗaya ne ban so in rubuta ba, amma gara ki ji daga gare ni. Ana tsakiyar haƙan nan wata farar mota ta zo daga ɗaya daga cikin kamfanonin fatan. Wani mai kwat da taye a wuya ya fito ya yi ta ɗaukar hoto: mata da rariya, maza da shebur, ni a kan tebur ɗin mai shayi da hannu a sama. Mai unguwa ya ce sun aiko masa da takarda, suna nuna damuwarsu kan yadda jama'ar yankin suka lalata tafkinsu da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Har sun yi alƙawarin tallafa wa wayar da kai.

Dakta ta ce in tambaye ki ko a turo bututun haka, ko rabin shaida yana da amfani a wurinku. Wannan ke da ita ne. Ni tawa tambayar daban ce, kuma ba gaggawa. Kwatar kamfani ta yi shekara da shekaru tana aikinta a hankali, ba wanda ya ɗauke ta hoto. Mu mun yi namu a bazara ɗaya, da rana tsaka, kowa da bahonsa, fuska a waje. To ranar da malaminki zai gyara tabarau ya ce, "Saudat, wa ya kashe Tafkin Mai Bado? Kawo hujja," hujjar wa ke hannunki?

Yayanki,
Idrisu.